Yadda Za Ka Sa Masallatan Asuba Su Riƙa Tura Maka Mota Ba Tare da Ka Gyara Fitilar Birki Ba

Mai mota, matso kusa. Idan fitilar birkin motarka ta kama ci ba ji ba gani, ka kashe mota ka zare makulli amma jar wutar nan ta baya tana nan tana kallon unguwa, kada hankalinka ya tashi, kuma kada ka kuskura ka gyara. In ka bi matakan nan yadda na jera su, na ba ka tabbaci za ka daɗe kana fita nema kowace safiya da ƙarfin bayin Allah, ba ka ɗaga bonet ba, ba ka ga bakanike ba, kuma waɗanda suka tura ka su ne za su bi ka da "a dawo lafiya".

Kada ka tambaye ni takardar shaida. Ni Ikrima, ladanin wani ƙaramin masallaci ne a cikin garin Daura, a lungunan da ke bayan rijiyar Kusugu, kuma ilmin nan ba a littafi na karanta shi ba, a ƙuguna na karanta shi. Malamina a fannin shi ne maƙwabcinmu Sharu Kalilu, ɗan kasuwar hatsi, wanda na tura wa mota har tafin hannuna ya haddace duk wata lotsawa da ke bayanta. Duk abin da zan koya maka a wurinsa na gani.

Mataki na 1: Fara cika baki

Kafin wuta ta lalace, ka riga ka ɗaure kanka da bakinka. Wannan shi ne tushe.

Ranar da Sharu ya shigo da motarsa 'yar Kwatano ta kan iyakar Kongolam, ya ajiye ta gaban majalisarmu, ya daki bayanta da tafin hannu, ya ce, "Wannan motar, duk ranar da kuka ga bakanike a ƙarƙashinta, to inuwa ya zo sha." Aka yi dariya, aka yi masa Allah ya sanya alheri. Shi ke nan, ya gama da kansa. Daga ranar, kai motar gareji ya zama daidai da ya tsaya a tsakiyar majalisa ya ce shi maƙaryaci ne.

Kai ma nemi irin wannan magana, mai daɗin maimaitawa, ka faɗe ta gaban mutanen da ba sa mantuwa. A Daura ba za ka sha wahalar samunsu ba.

Mataki na 2: Nema wa wutar suna mai daraja

Mutanenmu akwai shisshigi. Duk wanda ya wuce sai ya leƙo zaure ya ce, "Maigida, ka manta wuta a kunne." Kada ka ce ka gode, kada ka ce za ka duba. Ka yi murmushin wanda ya ga duniya, ka ce, "Haka Turawa suka yi ta. Gadi take yi."

In an samu mai taurin kai, akwai maganinsa. Malam Nabil, malamin firamaren unguwarmu, ya taɓa tsayawa ya ce, "Sharu, wannan ai fitilar birki ce, bai kamata ta ci ba sai an taka. Ita ce ke shanye maka batir kafin gari ya waye."

Sharu ya dube shi, ya dubi kekensa, ya ce, "Malam Nabil, taka motar wace iri ce?"

Malam Nabil ya hau kekensa ya tafi makaranta. Ka riƙe wannan tambayar da kyau, tana kashe bakin kowane irin masani.

Mataki na 3: Kada ka sunkuya

Nan ne masu ƙaramar zuciya suke faɗuwa, don haka bari in gaya maka abin da ke ƙarƙashin sitiyari, don ka san abin da za ka guje wa.

Can sama da inda kake taka birki akwai wani ɗan makunni. In ka ɗauke ƙafa, ƙarfen birkin yakan dawo ya danne shi, wuta ta mutu. A daidai inda suke haɗuwa akwai wata 'yar roba, ba ta kai maɓallin riga girma ba. Zafin garin nan yakan gasa ta har ta marmashe, ta bar rami. Daga nan ƙarfen zai dawo amma ba abin da zai danne makunnin, sai motar ta ɗauka har yanzu ƙafarka na kan birki, alhali kana cikin gida kana cin tuwo. Wani lokaci makunnin ne da kansa ya mutu, wani lokaci sifirin da ke dawo da ƙarfen ne ya saki, wani lokaci kuma waya ce ta goge tana taɓa 'yar'uwarta. Amma galibi robar nan ce, kuma sa ta bai kai ɗaura igiyar takalmi wuya ba.

Ka ga hatsarin? Sunkuyawa ɗaya, sai ka wayi gari da mota mai tashi da kanta kamar ta kowa.

Saboda haka in ka ga 'yan ɓurɓushin roba a kan shimfiɗar ƙafa, ka ce ƙwallon dabino ne yara suka tauna. In uwargida ta sa baki, ka yi hattara, don ta nan ɓaraka take shigowa. Murja, matar Sharu, ta taɓa ce masa ta bayan labule, ina zaure ina ji, "Sharu, ko da kan batir ɗin ne ka riƙa cirewa in ka ajiye ta. Yayana haka yake yi, da safe ya mayar."

Ya ce, "In ɗaga bonet a ƙofar gidana, mutane na wucewa?"

Ta ce, "To turin da ake yi maka, a ɗaki ake yi?"

Ya ce turi daban, gyara daban. Turi zumunci ne. Ka haddace wannan ma.

Mataki na 4: Zaɓi wuri da lokaci

Batir zai kwana yana ciyar da wuta, da safe ka murɗa makulli ka ji ƙyas, shiru. Yanzu kana buƙatar hannaye, kuma ba inda ake samun maza majiya ƙarfi a tare, cikin tsarki da sanyin zuciya, kamar ƙofar masallaci bayan sallar asuba.

Sharu ya yi sa'ar zamani. Shekarun nan ne da aka ƙaddamar da Shari'a, masallatai suka cika maƙil. Mutanen da a da ba ka ganinsu sai hantsi ya dubi bango, sai ga su a sahun gaba da ruwan alwala a gemu. Ɗan masallacinmu har waje ake shimfiɗa tabarma. Limaminmu, Malam Jamaluddeen, dattijon da yake jan mu salla tun ina saurayi, in ya juyo bayan sallama ya ga jama'a, fuskarsa har wani haske take yi. Shi ya ga al'umma. Sharu kuma ya ga ma'aikata.

Ka ajiye motar tun da yamma dab da inda ake cire takalma, hancinta na kallon hanya. Ka yi salla a ƙarshen sahu, kusa da ƙofa. Ana shafa addu'a ka riga kowa fita, ka tsaya kan takalman mutane kamar mai neman nasa. Wanda ya fara fitowa ka gaishe shi da kyau, ka tambayi iyali, ka tambayi gajiya, sannan ka sassauta murya ka ce, "Don Allah ko za a ɗan taɓa min ita?"

Lura da kalmar: taɓawa. Ba ka ce turi ba. Kuma ka sa sunan Allah a gaba. Mutumin da bai daɗe da ɗaga goshinsa daga ƙasa ba, carbi na hannunsa, da wane bakin zai ce a'a? Ko yana da ciwon baya sai ya naɗe hannun riga. Kunya ce jarinka, kuma a garin nan ba ta yankewa.

Mataki na 5: Iya zama a kujera

Kai ne direba, kada ka taɓa sa hannu a turin. Shiga ka zauna, sa giya ta biyu, danne kuloci, leƙo da kai ta taga kana ba da umarni cikin ladabi: "Bismillah. Yawwa. A ɗan ƙara. Saura ƙiris."

Kada ka saki kuloci da wuri. Bari sai sun wuce shagon mai shayi, numfashinsu ya fara fita da ƙara. In ta tashi za ta yi tari, ta feso baƙin hayaƙi a kan fararen jallabiyoyinsu. Kada ka tsaya ba da haƙuri, in ka tsaya mutuwa za ta yi. Ka fito da hannu ta taga ka ɗaga, ka ce Allah ya ba da lada, ka miƙe hanyar Sandamu.

Ladan nan da kake raba musu kyauta ne, ba daga buhunka yake fita ba, don haka ka yawaita.

Mataki na 6: In sun fara gudu, kada ka ɗauka da kai ake

Za su fara dabara, ɗan Adam ke nan. Da farko za ka ga addu'a ta yi tsawo. Mutumin da a da yana sallama yake zabura, sai ka gan shi ya rufe ido yana jan carbi, yana buɗe ido ɗaya yana leƙen ƙofa ko ka samu wasu. Ka jira shi. Shi yana da shago da zai buɗe, kai kuwa ba inda za ka sai da shi.

Daga nan za su fara shiga da takalmansu a hammata, su fice ta ƙaramar ƙofar wajen alwala. Malam Nabil har katangar baya ya taɓa haurawa, mutum mai iyali, mai koya wa yara tarbiyya. Ka zagaya ka tare su, ka gaishe su kamar ba ka ga komai ba.

Daga ƙarshe za su daina zuwa. Ba sallar suka bari ba, a'a, masallacin bakin titi suka koma, su yi tafiyar da ta ninka tamu, su dawo ta wani lungun. Azahar da la'asar kowa na kasuwa dama. Magariba da lisha sukan zo, amma kunyar a tambaye su ina suke da asuba ta sa wasu suka haɗa har da waɗannan sallolin suka ƙaura. Sahu ya koma ɗaya, ɗayan ma ya koma rabi.

Kai dai ka dage. Akwai mutum ɗaya da ba shi da inda za shi, shi ne ladan. Wanda ya kira salla ba ya kira sannan ya tafi wani masallacin. Ni ke nan. Ni da wani kurman tsoho mai sayar da goro muka zama injin motar Sharu, har shi ma ɗansa ya zo ya ɗauke shi ya koma da shi ƙauye. Ina faɗa maka, akwai safiyar da nake cewa salla ta fi barci, zuciyata na cewa barci dai ya fi turi. Allah ya yafe mana.

Mataki na 7: Tabbatar liman bai sani ba

Wannan matakin ba sai ka yi komai ba, in ka dace da liman irin namu.

Malam Jamaluddeen ba ya tashi daga inda ya yi sallar asuba sai rana ta fito. Yana nan fuskarsa na gabas yana wuridinsa, bayansa na ƙofa. Duk turin nan da ake yi, bai taɓa gani ba. Abin da yake gani kawai shi ne in ya juyo, jama'arsa na raguwa.

Kuma Malam ba ya sauraron maganar wanda ba ya wurin. Na gwada, Allah shaida ne. Na ce, "Allah gafarta Malam, maganar mutanen nan da suka daina zuwa, ai Sharu Kalilu ne..."

Ya ɗaga hannu. "Ikrima, Sharun yana nan?"

"Ya tafi kasuwa, Malam."

"To bari sai yana nan."

In yana nan kuma, ta yaya zan tsaya a cikin masallaci in tozarta maƙwabcina a gaban idonsa, mutumin da tare aka yi mana kaciya? Sai in haɗiye. Waɗanda suka gudu su ma ba mai iya zuwa ya ce wa Malam ya bar sahu ne don gudun taimakon ɗan'uwansa Musulmi. Kowa ya yi shiru don kunya, aka bar tsoho shi kaɗai yana neman laifin a jikinsa.

Ya kuwa samo. Ya ce karatunsa ne ya yi tsawo, sai ya koma gajerun surori, mutumin da a da in ya kama karatu da asuba har matan maƙwabta sukan tsaya da shara su saurara. Ba wanda ya dawo. Ya ce muryarsa ce, ya shiga shan zuma da citta da kanumfari. Ba wanda ya dawo. Wata rana muna naɗe tabarmi ya ce min, ba tare da ya dube ni ba, "Ikrima, ka gaya min gaskiya. Na fara tuntuɓe a karatu ne kuna jin nauyin gyara min?"

Na ce wallahi ko wasali bai taɓa kuskurewa ba. Ya yi murmushi irin na wanda ya san ana lallashinsa. Ranar na ji haushin Sharu, na ji haushin motarsa, na ji haushin duk wanda ya ƙera ta. Tausayin Malam kuwa har ya hana ni karin kumallo.

Kai mai mota, duk wannan ba ruwanka. Kai dai a taɓa maka.

Mataki na 8: Kada ka dubi madubi

Wannan shi ne na ƙarshe, kuma a nan ne gwanin namu ya faɗi, don haka buɗe kunnenka.

Wata asuba muka tashi mu uku: Malam a gaba, ni da Sharu a baya. Ni kuwa ƙuguna ya riƙe tun jiya, a zaune ma na yi sallar. Da aka sallame, Malam bai ɗauki carbi ba. Ya juyo ya dubi tabarmin nan shimfiɗe ba kowa, ya daɗe yana dubansu, sannan ya ce, "Jama'a ba sa guje wa liman a banza. Na tsufa, kuma ba zan zama sanadin mutuwar masallacin da iyayenmu suka gina ba. Yanzu zan je wurin mai unguwa in ce a nemo yaro mai murya."

Na ce, "Haba Malam." Ya ce in bari. Sharu bai ji ba ma, tuni ya fice yana tsaye wajen takalma yana dube-duben lungu ko Allah zai kawo wani.

Allah kuwa ya kawo. Malam ya fito da sandarsa, karo na farko da ya taka ƙofar nan kafin fitowar rana. Ni ina biye da shi ina dafa bango. Sharu ya ji motsin takalmi a bayansa, bakinsa ya riga idonsa, ya ce, "Don Allah ko za a ɗan taɓa min ita?"

Yana juyowa ya ga wanda ya roƙa. Ya fara in-ina, amma Malam ya riga ya jingine sanda. Ya ce, "Motar ce ta ƙi? Ai ba komai, Sharu. Shiga mana." Ya cusa jelar rawaninsa a wuya, ya dafa bayan motar da hannu biyu.

Sabo mugun abu ne. Wallahi Sharu ya shiga. Ya zauna, ya sa giya, ya danne kuloci. Da ya tsaya a nan, ya kafa ido a hanya kamar kullum, da yanzu ina ba ka labarin cikakken gwani. Sai ya ɗaga kai ya dubi madubi.

Batirin bai gama mutuwa ba, akwai ɗan sauran ja a fitilar, kuma jan nan a fuskar Malam ya sauka. Tsoho ya sunkuyar da kai, jijiyoyin wuyansa sun tashi, takalminsa na zamewa a ƙasa, yana turawa da iyakar gaskiyarsa, motar ko motsi ba ta yi ba.

Sharu ya buɗe ƙofa ya fito. Ya zagayo ya kama hannayen Malam ya ɗauke su daga jikin motar, ya durƙusa a nan cikin ƙasa da farar shaddarsa. Ya ce, "Malam, ba kai suke gudu ba. Ni suke gudu. Kullum sai na sa su turin nan."

Malam ya dube shi, ya dubi motar, ya dube ni. Na gyaɗa kai, tunda yau dai Sharun yana nan.

Ya ce, "Wato ba karatun ba ne?"

"Ba shi ba ne, Malam."

"Ba muryar ba ce?"

"Fitilar birki ce, Allah gafarta Malam."

Malam ya lallaba ya zauna a kan dakali. Ya fara dariya a hankali, kafaɗunsa na rawa, sai kuma na ga yana share ido da jelar rawani, dariyar ba ta tsaya ba, hawayen ma ba su tsaya ba. Ni dai ban san lokacin da nawa suka zubo ba. Da ya samu numfashi ya ce, "Sharu, Allah ya shirye ka. Zumar da na sha a kan motar nan, da kai na ba wa da ka tura ta kai kaɗai."

Kafin hantsi mai gyaran wayar mota ya zo, ya kwanta rabinsa a ciki rabinsa a waje, a ƙofar masallaci, duk mai wucewa na gani. Robar ce. Da yamma Sharu ya bi gida-gida da ƙafarsa, yana sallama yana cewa mota ta warke, a yi haƙuri a dawo. Malam bai je wurin mai unguwa ba.

Ka ga yadda kallo ɗaya ya rushe aikin da aka daɗe ana ginawa. In za ka bi hanyar nan, tun farko ka karkatar da madubin sama.

Sanarwa

Ni Ikrima ba bakanike ba ne, ba kuma mai ba da fatawa ba ne. Duk wanda ya bi matakan nan batirinsa ya mutu murus, ko wani ya dake shi ta baya don ya kasa gane yaushe yake taka birki da gaske, ko maƙwabtansa suka koma gaishe shi daga nesa, shi ya jiyo, kada a zo min zaure. Ciwon ƙugun masu turi yana wuyan mai mota, haka ma hawayen duk dattijon da abin ya shafa. In kuma ka ji lallai sai ka gwada, ka nemi wata unguwar. A tamu yanzu ana tayar da salla Malam yakan waiwayo ya ce a daidaita sahu, ya daɗe yana kallonsa kafin ya yi kabbara, mu kuma ba mai gaggauta shi.